Filin Gyaran Turanci: Rigimar "must" da "listen to", ina jelar take zama?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri makon jiya shiru kuka ji, noman biyu ne ya riƙe ni a gona, ga kuma sabis ɗin garinmu da sai mutum ya hau tudun bayan firamare ya ɗaga waya sama kamar mai neman wata kafin saƙo ya shigo. Da na zauna na duba sai naga tambayoyi da yawa ciwonsu ɗaya ne, duk akan su can da must da should ne idan suka haɗu da aikatau mai jan 'yar ƙaramar kalma a bayansa, toh shine na tsinto su na haɗa waje ɗaya.

TAMBAYA: Baba Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare daga wani ƙauye kusa da Gujungu. Dan Allah ka raba ni da wannan "to" ɗin, wallahi ya isheni. Na rubuta "You must to go" malaminmu ya zagaye to da jan biro yace ba a sa shi bayan must, nace toh na gane. Wani satin na rubuta "We must listen our parents" ya sake zagayewa yace ina to? Shi da yace a cire shine kuma yake nema. Wai ina yake so ya zauna ne?

AMSA: 'Yata malaminki bai yi miki rashin adalci ba, duka biyun gaskiya ya gaya miki, kawai dai bai zaunar da ke ya nuna miki cewa "to" ɗin guda biyu ne masu kama ɗaya ba, kamar Hassan da Hussaini. Akwai wanda yake zuwa GABAN aikatau, irin na "I want to go". Akwai kuma wanda yake bin BAYAN aikatau, irin na "listen to". Na farkon shi must ya tsana, na biyun kuwa babu ruwan must da shi ko kaɗan, ba ma huruminsa bane.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin da a aji muke ce musu modal guda tara ne na asali: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Sai ought da ake haɗawa da su, shi kaɗai ne ɗan gata da aka yarje masa ya riƙe to a bayansa, "You ought to go". Sauran taran nan duk aikatau ɗin da zai biyo su tsirara yake zuwa, ba to a gaba, ba s a ƙarshe, ba ed, ba ing. "She must go", ba "she must goes" ba, ba "she must went" ba. Iyakar ikon modal kenan, kalma ɗaya tak da take manne da shi, daga nan mulkinsa ya ƙare.

Ita kuma 'yar kalmar bayan aikatau, wadda turawa suke ce wa firifozishan, ni jela nake kiranta a aji saboda yara sun fi riƙewa. Jela ta aikatau ce, da ita aka haife shi. In kin je Gujungu ran Lahadi kin sayi akuya ai ba a ce miki jelar kuɗinta daban, kuma ko wa ya ja igiyar, ke ko yayanki, jelar tana nan a baya. Must ne ya ja, should ne, can ne, duk ɗaya: "We must listen to our parents", "We should listen to our parents", "We could not listen to the radio".

Kuma kada kiga kamar wani sihirin turawa ne, mu ma muna da shi a Hausa, ba ma lura ne saboda da shi muka tashi. In aka ce "Audu ya kula ta" da in aka ce "Audu ya kula da ita" magana ɗaya ce? Ke kin san ba ɗaya bace, ta farkon ma in babanta ya ji sai an yi zama. "Ya tafi" daban "ya tafi da shi" daban. Wannan ɗan "da" ɗin shine jelarmu. Kuma in kin ce "dole ka kula da yara" ko "ya kamata ka kula da yara" ko "zaka iya kula da yara", kin taɓa jin dole ta kori da? Toh haka look yake: look at kallo ne, look for nema ne, look after kulawa ce, look into bincike ne. Aikatau ɗaya jela huɗu ma'ana huɗu.

Abin da yake kayar da mu Hausawa shine wuraren da harshenmu bai sa jela ba amma Turanci ya sa. Muna cewa saurare ni, jira ni, kalle ni, nemo shi, amsa min, duk kai tsaye, sai yaro ya ɗauko wannan tsarin ya zuba a Turanci ya rubuta "you must wait me", "she should reply my letter". Daidai shine "wait for me", "reply to my letter", "look at me", "listen to me". Waɗannan in kika haddace su kin rage rabin jan biron da ake zuba miki. Kuma ki ɗauki abin da muhimmanci, a jarrabawar WAEC insha'i maki 50 ne, 10 daga ciki na tsaftar rubutu ne, kowane kuskure rabin maki ake cirewa, kinga kuskure 20 ya cinye goman nan tas, kuma a rubutun kalma 450 yaron da yake yar da jela kafin ya kai tsakiyar shafi na biyu ya gama da su.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Malamar firamare ce ni a yankin Babura. Hedimasta ya sa ni rubuta takarda zuwa ofishin sakataren ilimi akan rufin ajinmu da iska ta yaye, na rubuta "We will like to discuss about the roof and we must request for assistance". Ƙanina da yake jami'a ya gani yayi ta dariya yace kuskure uku ne a ciki, amma yaƙi nuna min wai sai na saya masa kati. Ni kuwa haka nake jin manya suna faɗa a rediyo.

AMSA: Malama kada ki saya masa ko na naira ɗari, gashi nan kyauta. Ƙanin naki ya ƙirga daidai. Na ɗaya "would like" ake cewa in ana neman abu cikin ladabi, ba "will like" ba. Na biyu da na uku kuwa kishiyar ciwon yarinyar sama ne, ita tana yanke jela inda take, ke kina liƙa jela inda babu. Discuss ba shi da jela, request ma haka in aikatau ne. "We would like to discuss the roof and request assistance", shikenan, ya ma fi gajarta.

Kin san daga ina abin yake shigo mana? Hanya biyu ce. Ɗaya Hausa, muna cewa tattauna A KAN magana, sai hannu ya kai ga about da kansa. Ta biyun ita ce tafi wayo: waɗannan kalmomin in suka koma suna jela tana fito musu. "A discussion about the roof" daidai ne. "A request for assistance" daidai ne. "A demand for payment", "emphasis on reading", duk daidai. Sai kunne ya saba da jin request da for a jere, ranar da aka zo amfani da shi a matsayin aikatau sai a jawo for ɗin a taho da shi. Gwajin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne, in ba jimlar tambaya bace, in modal ne a gaban kalmar toh aikatau ce dole, don modal baya tsayawa gaban suna. Kin ga must request, should discuss, can demand, must emphasize, will order, toh kada ki sa komai a bayansu sai abin da ake nema ɗin kansa.

Maganar manya a rediyo kuma gaskiyarki, nima ina ji, har masu digiri biyu uku, "discuss about" ya zama ruwan dare a Turancin Najeriya kuma ba Arewa kaɗai ba, Kudu ma haka suke yi. Ni a ra'ayina in hira ake a bakin kasuwa ba wanda zan tsayar in yi wa gyara, an fahimci juna ai an gama. Amma takardar ofis da jarrabawa wani abu ne daban, mai duba takarda ba ya tambayar wa ya faɗa a rediyo.

Tunda takardun ofis kike rubutawa ga wata da zata yi miki amfani, ni ta taɓa kunyata ni. Shekarar da na gama makarantar horon malamai na rubuta neman aiki nace "I wish to apply the post of class teacher", wani tsohon hedimasta ya karanta ya sauke tabarau ya kalle ni yace, ɗana shafa muƙamin zaka yi kamar man zafi? Don apply ba jela shafawa ne ko aiwatarwa. Abin da kake nema apply for, wajen da kake nema apply to: "You should apply to the ministry for the post". Shekara ta fi talatin amma har yau in naga kalmar sai na tuna tabarau ɗin nan.

TAMBAYA: Malam ni manomin rani ne a Kadawa, tumatur nake yi muna kaiwa Kwanar Gafan. Akwai wani dila a Legas da muke magana ta WhatsApp da Turanci don ba ya jin Hausa. Na rubuta masa "I will can send 40 baskets, you can depend with me" sai ya turo alamar dariya. Ciniki dai ya faɗa amma abin ya tsaya min a rai.

AMSA: Alhaji tunda ciniki ya faɗa ai Turancin yayi aikinsa, sauran kwalliya ce, amma bari mu yi kwalliyar. "I will can" Hausa ce tsantsa ka sa mata kwat: ZAN IYA. Mu harshenmu ya yarda za da iya su zauna tabarma ɗaya, daidaitaccen Turanci kuma bai yarda modal biyu su jeru ba, sarki biyu ne a gari ɗaya. Dalili kuwa shine wanda na faɗa a sama, bayan modal sai aikatau tsirara, su kuma modal ba su da wannan siffar, ba a cewa "to can" ko "to must". Don haka sai aka yi musu wakilai, wakilin can shine be able to, wakilin must shine have to. "I will be able to send 40 baskets". "You will have to pay for the transport". Amma ka kiyayi ɗaya ramin da 'yan boko suke faɗawa, "I can be able to", wannan ka kawo sarki da wakilinsa lokaci ɗaya, ɗaya ya isa.

Wani abin sha'awa, can ɗin nan a tsohon Turanci asalin ma'anarsa sani ne, dangin know ne, will kuma so yake nufi, a hankali suka lalace suka koma 'yan rakiya. Kaga kusan tafiyar iya ɗinmu ce, "ya iya ɗinki" ai sanin ɗinki ne.

Sai "depend with". Nan ma Hausa ce, dogara DA, sai ka fassara da ɗin ya zama with. Wannan ita ce babbar matsalar jela, ba a fassara ta, kowane harshe da inda ya ɗaura tasa kuma ba dalili, haka aka tarar. Depend on, rely on, count on, duk on ne. "You can rely on me". Yarda da mutum a magana agree with, nan kam mun dace da ya zama with, amma yarda da farashi ko sharaɗi agree to: "I cannot agree to that price". Kuma tunda harkar kuɗi ce ka riƙe wannan da kyau don tana iya jawo rigima: mutum ake pay kai tsaye, kaya kuma pay for. "You must pay the driver", ka biya direba. "You must pay for the baskets", ka biya kuɗin kwanduna. In kuma yayi maka jinkiri har kaya suka fara ruɓewa a kasuwar Mile 12 ta Legas kana son ka yi masa ƙorafin abin da ya riga ya wuce, modal sai have sai siffa ta uku ta aikatau, jela tana nan a wajenta: "You should have paid for them on Monday". Allah ya kawo kasuwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ɗalibin kwalejin ilimi ne ni ɗan Kafin Hausa. An koya mana cewa haramun ne a ƙare jimla da firifozishan. Amma a jarida naga "The culprits must be dealt with". Jaridar ce tayi kuskure?

AMSA: Ɗana jaridar ce da gaskiya, wancan haramcin kuma ba shi da nassi. Tarihinsa ma sananne ne, wani marubucin Ingila John Dryden ne a 1672 ya soki wani magabacinsa Ben Jonson akan ya ƙare jimla da irin wannan kalma, kuma masana suna ganin Latin ce ta ja shi, don a Latin ba a yin haka. Malaman makaranta suka ɗauka suka yi ta gadar wa juna har ta iso mana nan shekara ɗari uku da wani abu, alhali su masu harshen ba su taɓa daina yi ba.

Duba yadda jimlar ta samu. Asali "The police must deal with the culprits". In ba a son ambaton mai aikin, irin yadda muke cewa "dole A hukunta su", sai karɓau ya dawo gaba, a sa be bayan modal, aikatau ya koma siffa ta uku. Toh with fa ina za shi? Ba inda za shi, jelar deal ce, yana nan a bayansa ko da ba kowa a bayan nasa. "Orphans should be looked after". "The money cannot be accounted for". "He can be relied on". Cire jelar ka gani: "the culprits must be dealt", an raba su kenan kamar katin karta. Tambaya ma haka take, "Who should I talk to?", "What can we depend on?". Zaka iya cewa "To whom should I talk?" ba laifi, a takardar kotu ko jawabin taro zai yi kyau, amma in ka faɗa wa abokinka haka a shagon mai shayi sai ya ɗauka wasan kwaikwayo kake.

Inda nafi so ka sa ido ba ma nan bane, don ku da za ku koyar da yaranmu ne. Hausa ba ta barin jela a rataye, sai ta toshe bayanta da wakilin suna: "mutumin da zaka iya dogara da SHI", "maganar da ya kamata mu duba TA". Sai yaro ya rubuta "a man you can rely on him", "the person you should talk to him". Wannan him ɗin Bahaushe ne, a Turanci ba shi da kujera. "A man you can rely on", a tsaya nan. Na duba takardun yara shekara da shekaru, daga wannan kuskuren kaɗai ina iya gane yaro Bahaushe ne ko ban ga sunansa ba, kuma littattafan da ake kawo mana ba sa taɓo shi don ba da mu a rai aka rubuta su ba, sai malamin da ya san harshen biyu ne zai kama shi.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce a wajen Birnin Kudu. Me yasa ake cewa "you should pick it up" amma ba a cewa "you should look him after"? Sannan "I look forward to hear from you" daidai ne?

AMSA: Malama ba duk jela ce jelar haihuwa ba. Su up, off, out, away a irin pick up, switch off, throw away ana iya raba su da aikatau, in ma wakilin suna ne dole a raba: "You should throw it away". Amma su after, for, at, to, with a irin look after, wait for, deal with ba sa rabuwa: "You must look after him". Hanyar ganewa ki buɗe ƙamus irin Oxford na masu koyo ɗin nan da ake sayarwa ko ina, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, in kin ga 'yar kibiya mai kai biyu a tsakani toh ana rabawa, in babu ba a rabawa. Kuma duk kalmar da zaki kwafa a littafinki ki kwafe ta da jelarta da jimla guda, kada ki rubuta comply shi kaɗai, rubuta "Patients must comply with the instructions".

Ta biyun kuskure ne, "hearing" ake cewa. To ɗin look forward to na baya ne, jela ce, kuma duk aikatau ɗin da ya biyo jela ing yake ɗauka: "You must refrain from smoking", "She may insist on going home", "We shall look forward to seeing you".

TAMBAYA: Baba ni ɗan caji ne a Maigatari. "You should off the generator" fa?

AMSA: Kai ɗana ka fi kowa ta'asa a wannan makon, sauran jela suka yar, kai akuyar ka saki ka dawo gida da jela a hannu. Off ba aikatau bane da should zai tsaya a gabansa. "You should switch off the generator", ko "switch it off", ko "turn it off". Wanda kuma ya turo tambayar used to daga Kazaure ya ƙara haƙuri, tashi doguwa ce kuma caji saura kashi 4, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.